WAIWAYE: Daga Dodon Bango Zuwa Dodon Waya, Tarihin Gardamarmu Kan Fina-finan Tsoro Da Aka Ciro Daga Littafi



Akwai wata gardama da ba ta tsufa a majalisunmu na Potiskum. Duk lokacin da aka fito da fim ɗin aljanu ko na dodanni, musamman idan aka ce daga wani tsohon littafi ko wata tatsuniya aka ciro shi, sai 'yan kallo su rabu gida uku. Dattijon da ya karanta littafin tun yana firamare ya ce an ɓata labari. Matashi ya ce shi dariya ma abin ya ba shi, don yana hango igiyar da aka ɗaure wa dodon fuskar roba da ita. Malami kuma ya ce tun farko bai kamata a yi wasa da aljanu ba. A yi ta ja har a kira sallah, kowa ya tashi da ra'ayinsa.

Wannan gardama ta girmi da yawa daga cikinmu. A yau muna so mu bi sawunta, domin tarihi ya nuna cewa abin da 'yan kallo suka ci gaba da magana a kansa, kuma suka ga ya cancanci a adana, shi ne yake rayuwa, ko da kuwa da kuɗi kaɗan aka yi shi.

DODON BANGO

Kafin a fara tsoron abin da ke cikin fim, fim ɗin kansa aka fara tsoro. Lokacin da Turawan mulkin mallaka suke yawo da mota gari-gari suna haska hoto mai motsi a jikin bango ko farin ƙyalle, kakanninmu sun ba abin suna biyu: majigi, da kuma dodon bango. Suna na biyun ya isa shaida. Ga mutum yana tafiya a gabanka, amma ba ka iya taɓa shi, kuma da an kashe inji ya ɓace. A wajen Bahaushen wancan zamani, wannan siffar aljani ce sak.

An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, wasu kuma suka biyo baya, amma malamai da dattawa da dama ba su daina ƙyamar wurin ba. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya da ke Kano, mutum 331 suka rasu. Binciken gwamnati ya nuna cewa daga ɗakin haska fim wutar ta taso, domin faifan fim na lokacin yana kama wuta kamar fetur. A cikin gari kuwa, jama'a da yawa sun ɗauki abin a matsayin fushin Allah kan masu zuwa kallo. Da wannan ɗari-ɗari Arewa ta karɓi fim, kuma har yau burbushinsa yana cikin yadda muke magana a kan fina-finan tsoro.

ALJANUN CIKIN LITTAFI

A 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga nan muka samu littattafai biyar da suka zama tushen ƙagaggen labarin Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida Umaru da East ɗin kansa. Daga baya, tsakanin 1937 zuwa 1939, Imam ya fitar da Magana Jari Ce kashi uku.

Duk wanda ya karanta su ya san ba su rasa abin tsoro. Neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya kai Alhaji Imam har ƙasar aljanu. Ganɗoki, bayan ya gama gwabzawa da sojojin Turawa, ya faɗa wata duniya ta aljanu da yaƙe-yaƙensu. Jiki Magayi kuwa labari ne na ɗaukar fansa da asiri. Shekara da shekaru waɗannan littattafai ake karantawa a makarantun Arewa, har da namu na nan Potiskum, inda ɗan Ngizim da ɗan Karekare da ɗan Bolewa da Bafulatani da Bahaushe suke zama a benci ɗaya suna jin labari ɗaya.

A nan tushen gardamar yake. Littafi ba ya nuna maka aljani. Ɗan kwatance yake ba ka, kai kuma ka ƙarasa ginin da abin da ke cikin kanka: duhun tsamiyar bayan gari, kukan mujiya a kan soro, labarin da kaka ta ba ka daren da aka hana ka fita. Idan ɗalibai arba'in ne a aji, to aljanu arba'in ne suka fita da su. Mai shirya fim kuwa dole ya zaɓi guda ɗaya ya sa a gaban kowa, kuma da abin da aljihunsa ya iya saye zai gina shi.

DAGA TAKARDA ZUWA KASET

Yunƙurin farko na mayar da waɗannan littattafai fim ya samu gata. A 1976 Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar da kuɗin gwamnatin tarayya, Umaru Ladan ya fito a matsayin Shaihu. Abin firgitar da ke cikinsa ba aljani ba ne, cinikin bayi ne da raba uwa da ɗanta, kuma wannan ba ya buƙatar wani siddabaru. A 1989 Ramalan Nuhu ya yi fim ɗin Ruwan Bagaja. A ƙarshen shekarun 1980 ɗin ne kuma gidan talabijin na NTA Kaduna ya mayar da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo, wanda marigayi Ƙasimu Yero, Allah Ya jiƙansa, yana cikin waɗanda aka fi tunawa da su a ciki.

Sai zamanin kaset ya zo. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa a Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafa shi a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da ya shiga kasuwa. Daga nan ƙofa ta buɗe wa duk mai kyamara ɗaya da janareto da abokai masu sha'awa. Aka fara mayar da littattafan marubuta fim, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da Alhaki Kwikwiyo na Balaraba Ramat Yakubu. Wasu kuma suka koma wa tatsuniya, kamar yadda kamfanin Sarauniya na Kano ya yi da Daskin Da Riɗi a ƙarshen shekarun 1990. Kaset yakan taso daga kasuwannin Kano, ya biyo mota ta Wudil da Azare, ya sauka Potiskum, kafin dare yana shagon haya ko gidan kallo.

Yaya ake yin aljani da ɗan wannan jari? Dabarar da aka fi amfani da ita mai sauƙi ce: a kafa kyamara wuri ɗaya, a tsayar da ɗauka, ɗan wasa ya fita daga wurin, a ci gaba da ɗauka. Mai kallo sai ya ga mutum ya ɓace bat. Tun kafin 1900 wani Bafaranshe mai suna Georges Méliès yake amfani da wannan dabara. Sauran kuwa, hoda ce a fuska, da hayaƙin turare, da jan ruwa a madadin jini, da murya mai amsa-kuwwa. Da kwamfuta ta shigo sai aka ƙara da jan ido da wuta mai fita daga tafin hannu.

Matsalar ita ce idon 'yan kallo ya riga ya buɗe. Sun ga fina-finan Indiya irin su Nagin na 1976, na macijiyar da take rikiɗa mace tana ɗaukar fansar mijinta. Sun ga na kudu irin su Nneka the Pretty Serpent da Karishika. Saboda haka aljanin fim ɗin Hausa da abokan gwaji biyu yake fama: wanda mai kallo ya gina a kansa daga littafi, da wanda ya gani a fim ɗin baƙi.

GIDA UKU NA 'YAN KALLO

Da mujallar Fim ta fara fitowa a watan Maris na 1999 ƙarƙashin Ibrahim Sheme, ga kuma Tauraruwa a Kano, sai gardamar da ake yi a bakin shagon haya ta samu shafin wasiƙu. Daga baya ta koma shirye-shiryen rediyo na kiran waya, yau kuma tana Facebook da WhatsApp. Wuri ne yake canzawa, gidajen nan uku suna nan.

Gida na farko masu kishin littafi ne. Ƙorafinsu shi ne an yanke wuraren da suka fi so, an cusa waƙa da rawa inda marubuci bai sa ba, an mayar da labari mai zurfi abin tsorata yara. Suna da gaskiya a wani ɓangare, domin yaro da yawa yau ta fim kawai zai san labarin, kuma abin da fim ya zubar ya zube ke nan a wajensa.

Gida na biyu masu dariya ne. Su ne masu tsayar da fim su nuna maka agogo a hannun aljanin da aka ce shekararsa dubu, ko inuwar mai riƙe da kyamara a jikin bango. Abin lura shi ne su ne suka fi kowa maimaita kallo. Sun haddace maganganun dodon, suna tsokanar juna da su shekara da shekaru. Ba'arsu wata irin ƙauna ce, ko da ba za su yarda a kira ta haka ba.

Gida na uku masu duba ta fuskar addini ne, kuma a nan muka bambanta da Turawa. A wajen mafi yawan masu kallo a Turai, dodon fim ƙage ne daga farko har ƙarshe. A wajenmu aljanu halittar Allah ne, akwai sura sukutum da sunansu a Alƙur'ani. Waɗanda suka manyanta za su tuna abin da aka riƙa kira Sumbuka a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da 'yan mata suka riƙa faɗuwa a wasu makarantun Kano, har wasu suka danganta abin da raye-rayen fina-finan Indiya. Wanda ya ga haka ba zai ɗauki fim ɗin aljanu a matsayin nishaɗi kawai ba. Tambayarsa ita ce: a ƙarshen fim wa ya yi nasara, boka ko addu'a? Da Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, irin wannan tambaya ta tashi daga majalisa ta shiga ofis.

DARASI DAGA JAMUS

Don mu gane inda irin wannan gardama takan ƙare, bari mu leƙa wata ƙasa mai nisa, inda aka yi ta har gaban alƙali.

A 1897 wani marubuci ɗan ƙasar Ireland, Bram Stoker, ya fitar da littafin Dracula, labarin wata gawa da ba ta kwanta ba, tana shan jinin masu rai, kusan kamar yadda muke kwatanta maye. Ya rasu a 1912. A 1921 wani ƙaramin kamfani a Jamus mai suna Prana ya ɗauki labarin ba tare da neman izini ba. Suka canza sunaye, Dracula ya koma Orlok, suka maido da labarin daga Ingila zuwa wani garin Jamus, suka sa wa fim ɗin suna Nosferatu. Darakta F. W. Murnau da kyamara ɗaya ya yi aikin saboda tsimin kuɗi. An fara nuna shi a Berlin ranar 4 ga Maris, 1922.

Masu sharhi da dama sun yaba, amma an samu wanda ya rubuta a jarida cewa an haska dodon da yawa har ya daina ban tsoro. Masu kishin littafi ma suna da abin faɗa, domin a littafin Dracula yana iya yawo da rana, a fim kuwa hasken alfijir ne ya hallaka shi. Matar marigayi Stoker, Florence, ta kai ƙara. Kamfanin ya karye, bai sake yin wani fim ba, kuma a 1925 kotu ta yanke hukuncin a lalata duk kwafin fim ɗin.

Da a ce hukuncin ya tabbata gaba ɗaya, da yau babu wanda ya san shi. Amma wasu kwafi sun riga sun fita ƙasashen waje, masu son fim ɗin kuma suka riƙe su. Wata ƙungiyar masu sha'awar fina-finai ta nuna shi a Landan a 1928, ya isa Amurka a 1929. Yau ana koyar da shi a makarantun koyon shirya fim, an sake yin sa a 1979 da kuma 2024. Abin da aka ƙara wanda babu shi a littafi, wato rana tana kashe dodon, shi ne yanzu kowa ya ɗauka asalin labarin. Wurin da aka fi tunawa a fim ɗin kuma ba a ga dodon ba ma: inuwarsa ce kawai a jikin bango tana hawa matakala, da dogayen yatsu. Fitila ɗaya da bango ɗaya. Dodon bango ke nan na gaske.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Ga masu kishin littafi: mu tuna cewa littattafan da muke karewa su ma sun yi aro. Abubakar Imam da kansa ya bayyana cewa daga Maƙamatul Hariri ya samo salon mutum biyu masu yi wa juna wayo, wanda ya zama Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Labarai da yawa na Magana Jari Ce daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Gabas ya ɗauko su, ya sa musu rigar Hausa har ba a gane baƙi ne. Canji ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne ko mai canjin ya fahimci abin da ya taɓa.

Ga masu dariya: rashin kuɗi ba shi ne yake kashe tsoro ba, nuna abin da ba ka da halin nunawa ne. Kakanninmu mata sun san wannan tun kafin a ƙera kyamara. Ba su taɓa nuna mana Dodo ba. Murya suke ragewa, su yi shiru na ɗan lokaci, mu kuma mu matso kusa da juna.

Ga masu duba ta addini: damuwarsu tana da tushe, kuma mai shirya fim a ƙasar Hausa da ya yi watsi da ita bai san masu kallonsa ba. Sai dai hani kaɗai ba ya cike gurbi. Idan ba mu ba yaranmu labarin tsoro irin namu ba, mai tafe da tarbiyyarmu, wayar da ke hannunsu cike take da na wasu.

POTISKUM DA ABIN DA KE HANNUNMU

Mu a wannan gari ba sai an koya mana mene ne tsoro ba. Mun ga harin kasuwar shanu a watan Mayun 2012. Mun ga abin da ya faru da ɗalibanmu a makarantar sakandaren kimiyya ranar 10 ga Nuwamba, 2014. A watan Yunin shekarar, an tayar da bam a wani gidan kallon ƙwallo a Damaturu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ƙara mana zaman lafiya. A waɗancan shekaru taron dare ya zama abin gudu, gidajen kallo suka yi sanyi. A daidai lokacin kuma kaset da faifan CD suna mutuwa, kallo ya koma na mutum ɗaya da wayarsa, a je shago a tura masa fim. Shagunan haya suka rufe, buhunan kaset suka koma ɗakin ajiya, zafi da ƙura da gara suna cin su.

Wannan asara ba ƙarama ba ce, kuma ba ta bar manya ba. Fim ɗin Shaihu Umar, duk da gatan gwamnati, ya ɓace wa jama'a shekaru masu yawa. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Idan haka ta faru da fim ɗin da aka ciro daga littafin Firayim Minista, ina ga ƙaramin fim ɗin aljanu da wasu samari suka haɗa da kuɗin aro? Babu kotun da ta ce a ƙona namu. Sakaci ne yake yi mana aikin.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa da abu huɗu. Duk mai tsofaffin kaset ko faifai na fina-finan Hausa, kada ya zubar. Akwai matasa masu kwamfuta da za su iya juye su. Iyaye mu nemo wa yara Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Magana Jari Ce su karanta kafin su kalla, domin kowane yaro ya samu damar gina aljaninsa kafin a ba shi na wani. Waɗanda Allah Ya bar wa kakanni a raye, su ɗauki muryarsu a waya suna tatsuniya, da Hausa ko Ngizim ko Karekare ko Bolanci ko Fulatanci, tun kafin damar ta wuce. Matasanmu masu shirya gajerun fina-finai kuma su ɗauki darasin kamfanin Prana: dokar Najeriya tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa, Abubakar Imam kuwa a 1981 ya rasu, don haka wanda zai taɓa littafinsa ya nemi izinin masu haƙƙi. Tatsuniyar kaka kuwa tana nan cikin gida tana jiran mai ɗauka.

Gardamar majalisa kuma a ci gaba da ita, cikin mutunta juna. Fim ɗin da ake faɗa a kansa yana da sauran numfashi. Wanne ne fim ɗin aljanu na Hausa da ya fara hana ku barci, kuma a ina kuka kalle shi? Wa yake da kaset ɗinsa har yanzu? Ku sanar da mu.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace.